Ƙuri'ar Mai Share Ƙanƙara

Ranar da ba ta fita raina Talata ce, ƙarfe huɗu da kwata na yamma. A ofis akwai mudir ɗinmu, wato manaja, Abu Faisal, da iyaye uku 'yan kwamiti, sai ni Abakar da aka kira na kawo makullin sito.

Ga wanda bai sani ba, aikina tuƙa motar share ƙanƙara ne a filin hokin ƙanƙara na yara, cikin wani babban kanti a Jidda. Ƙa'idata uku ce. In taka filin da ƙafa, in cike ramuka, sannan in tayar da mota.

Duk shekara ana ba da kyautar gwarzon koci, wanda a nan muke ce wa kabtin. Kofin ba shi ne abin nema ba. Wanda ya ci shi ke fara zaɓen lokacin horo, kuma kowa Juma'a bayan la'asar yake so. A bana Kabtin Majid ne ya cinye gasa. Kabtin Idris ya zo na huɗu, amma yaransa daga unguwannin Khumra da Waziriyya suke, iyayensu ranar Juma'a kaɗai suke hutu. In ya rasa lokacin, ƙungiyarsa ta watse.

A wannan Talatar, ƙuri'a tsakanin Majid da Idris ta tsaya biyu da biyu. Mudir ya dube ni yana dariya, ya kira ni Amm, wato baffa.

"Yalla ya Amm Abakar, kai ne alƙali. Wa ya fi?"

Na ce, "Abu Faisal, ban san dokar hoki ba. Amma ku zo gobe ku ga filin kafin in share."

Dalilina shi ne, na daɗe ina mamakin wani abu. Bayan horon Idris nakan tarar da shaidar gwiwoyi a kan ƙanƙara, jere a gindin bango, kamar an yi sallah a sahu. Sai da na tsaya wata rana na gani: kafin ya ba yara sandar hoki, koya musu faɗuwa da tashi yake yi.

Laraba suka zo. Da farko muka duba filin bayan horon Majid. Layukan takalma masu zurfi daga tsakiya zuwa raga, kusurwoyi sumul. Gaban benci kuwa duk ɗan ƙarce-ƙarce.

Wata uwa ta tambaya, "Wannan fa?"

Na ce, "Hajiya, nan ne waɗanda ba su iya ba suke tsayawa suna jira."

Ashe ɗanta na cikinsu.

Na share, Idris ya yi nasa horon, muka sake shiga. Babu tafin hannu ɗaya da takalmi bai taɓa ba, har bayan raga.

Mudir ya ce, "Halas, magana ta ƙare."

Ranar biki Idris ya karɓi kofi, ya zaɓi Juma'a. Majid ya same ni a sito ya ce, "Ya sheikh, ashe ɗan leƙen asiri muke da shi?" Na ce masa ni dai shara nake yi. Mako biyu bayan haka na fara ganin kusurwoyin filinsa a ƙarce.

Abin da na koya, allon maki yana nuna wanda ya ci, ƙanƙara tana nuna wanda aka bari a tsaye. Don haka ku sababbin ma'aikata, ina roƙonku, kada wanda ya tayar da mota bai taka filin ya duba ba.