Ruwan Rijiyar Inna Ladidi

Ko na yi ritaya na koma Saulawa ina kiwon awaki, ba na jin zan manta ranar da Inna Ladidi ta shigo rajista da galan ɗin ruwa a ka. Na yi aiki a Ikara, na yi a Makarfi, na yi a Kudan, kuma ba zan gaya muku a wace sakatariya abin ya faru ba, don mutanen suna nan da ransu, har yanzu muna haɗuwa a gidajen suna.

A lokacin ni ce shugabar rajista. Ga wanda bai san aikin ba, rajista ita ce ƙofar takarda. Duk wasiƙar da ta shigo mu ke karɓa, mu buga mata hatimi, mu ba ta lamba, mu sa ta a fayil, mu tura ta teburin da ya dace. Kuma tarbiyya ɗaya aka yi mana tun muna ƙananan akawu: takardar gwamnati sama take tafiya. Daga ƙauye zuwa sashe, daga sashe zuwa shugaba, daga shugaba zuwa Kaduna. Ban taɓa ganin wadda ta sauko ta koma wurin mutanen da aka rubuta ta a kansu ba. Wanda ya zo nema kuwa, amsa biyu muke da ita, ko "a dawo gobe" ko "oga ba ya nan".

Bayan damina ne, ana ta yankan rake. Tsohuwar ta yi sallama, ta sauke galan a kan teburina, dab da fayil-fayil. Sai da muka gaisa sosai, ta tambayi gida da yara da gajiya, sannan na ce, "Inna, ai ba a sayar da ruwa a nan."

Ta ce, "Ba na sayarwa ba ne, 'yar nan. Tambaya na kawo a kansa."

Mai koko ce a wani ƙauye da ke ƙarƙashinmu. A tsakar gidanta akwai rijiyar da marigayi mijinta ya haƙa, unguwa duka nan take ɗiba. Da damina amai da gudawa suka shiga ƙauyen. Duba-gari suka zo da farar mota, a ƙofarta suka fara tsayawa, suka ɗebi ruwa a kwalba, suka shafa jan fenti a bangonta, suka tafi. A wurinmu fentin nan alama ce kawai cewa an ɗebi ruwan gwaji a gidan. Sauran rijiyoyin a fili suke, babu bangon da za a shafa, don haka gidanta kaɗai ya kwana da jan fenti. Mutanen gari suka ce gwamnati ta nuna inda cutar ta fito.

A cikin kwanakin ne 'yar Hadiza, maƙwabciyarta, ta rasu. Hadizan nan a hannun Inna aka haife ta, a hannunta kuma ta haifi yarinyar. Tun daga ranar ba ta ƙara gaishe ta ba. Aka daina sayen koko, aka daina ɗibar ruwa, ko gaisuwar mutuwa Inna ta shiga sai a matsa a ba ta wuri da yawa.

Ta ce, "Ni ba taimako na zo nema ba. So nake gwamnati ta faɗa mini abin da ta gani a ruwana. In ni na kashe yarinyar nan, in sani, in cike rijiyar da ƙasa da hannuna, in roƙi Allah gafara."

"A dawo gobe" ta zo har bakina, don ta saba fitowa da kanta, amma na kasa furta ta. An taɓa tura mu bita a kan 'yancin jama'a na neman bayanai, inda aka ce wanda bai iya rubutu ba, yana iya faɗar buƙatarsa da baki, ma'aikaci ya rubuta masa. Yawancinmu shinkafar bitar kawai muka tuna, amma ni wannan ya zauna mini. Na ɗauki biro na rubuta, na karanta mata, ta ce haka ne, ta dangwala yatsa. Na buga hatimi da ƙarfin da sai da masinja ya leƙo. Na buɗe fayil, na tura sashen lafiya, na ce ta dawo mako mai zuwa.

Fayil ya dawo da haruffan nan uku na Turanci da kuka sani, waɗanda ma'anarsu a ajiye sai an waiwaya. Ku sababbin ma'aikata, in kun ga haruffan nan a fayil, ku yi masa addu'a, an binne shi ke nan. Amma wanda ya haɗa fayil ɗin ya liƙa sakamakon gwajin a baya, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Na karanta. Ruwan Inna lafiya lau. Babbar rijiyar kasuwa ce ta gurɓata, kuma tuni an zuba mata magani a shiru, an aika rahoto Kaduna. Kowa ya yi aikinsa. Tsohuwar kawai aka manta da ita a ƙarƙashin jan fenti.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Zan iya jan ta gefe in raɗa mata, amma raɗa ba ta wanke mutum a gaban gari. Za ta koma ta ce wata mata a ofis ta ce, su kuma su ce tausayinta aka ji.

Da ta dawo, da galan ɗinta ta dawo, ta cika shi da sabon ruwa. Na ɗauki fayil na ce ta biyo ni ofishin shugaban sashen lafiya. Mutum ne mai kirki, yana da sani, amma yana tsoron sa hannu kamar biro zai cije shi. Muka gaisa, na yi bayani. Ya cire tabarau ya ce, "Hajiya Rabi, ke ma da kika yi rantsuwar riƙe sirri? Rahoton nan akwai sunayen marasa lafiya a ciki. Kuma rijiyar kasuwa mu muka gina ta. In magana ta fita, wa zai amsa tambaya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sunayen marasa lafiya sirri ne, zan rufe su kafin a yi kwafi. Amma ruwan rijiyarta ba sirri ba ne a wurinta. Ita ke sha."

Ya ce a bari tukuna a nemi shawara daga sama.

Sai Inna ta matso. Ta jawo kofin shayinsa da ke kan tebur, ta ɗauraye shi, ta cika daga galan, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ɗana, ni ban san takarda ba. Kai ka ga abin da ke ciki. In ruwan nan yana kisa, kar ka sha, na fahimta, zan tafi. In ba ya kisa, bismilla."

Na ga gumi ya tsatso masa a goshi. In ya ƙi sha, ya yi wa tsohuwa ƙarya mai nauyi, ya san kuma za ta je ta cike rijiyar mijinta. In ya sha, ya faɗi abin da yake ɓoyewa. Ya dubi kofin, ya dube ni, ni kuwa na ƙura wa silin ido kamar ban san abin da ake yi ba. Sai ya yi bismilla ya shanye tas.

Hawaye suka zubo wa Inna, ta ce alhamdu lillahi. Ni kuma na tura masa fayil a hankali na ce, "Ranka ya daɗe, bayani dai ka riga ka bayar. Saura sa hannu."

Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ke dai ba ki da dama." Ya soke haruffan nan uku, ya rubuta a bayar. Na rufe sunayen da farar takarda, aka yi kwafi, na buga hatimin da ke tabbatar da cewa daidai yake da na asali. Na miƙa mata ina jin kamar ni aka ƙara wa girma.

Ta juya takardar ta sake juyawa, ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Amma 'yar nan, ba a ofis aka ɓata ni ba."

Gaskiya ta faɗa. Shugaban sashen da kansa, tun da ya riga ya jiƙe, ya ce a ba mu mota. Ran Juma'a muka tafi da Malam Iliya, duba-garin da ya shafa fentin. Bayan an sauko daga masallaci ya tsaya a ƙofar mai unguwa ya fassara takardar da Hausa, har maganar rijiyar kasuwa da maganin da aka zuba mata. An yi gunaguni, an yi masa tambayoyi masu zafi, ya amsa, kuma sakatariya ba ta rushe ba. Daga nan ya karɓi farar ƙasa ya shafe jan fentin da hannunsa.

Ni ina ciki tare da mata. Na ja guga na sha a gabansu, na ƙara, don ruwan akwai sanyi. Wasu suka fara sannu da Inna, suna sunkuyar da kai. Ita kuwa idonta na kan ƙofa.

Mun kusa tafiya sai ga wata mata siririya ta shigo da bokiti. Ba sai an gaya mini Hadiza ce ba, don ita idon Inna ke jira. Ta tsaya a bakin rijiya ta kasa ɗaga kai. Can ta ce, "Inna, ina wuni. A ara mini guga."

Inna ba ta ba ta gugan ba. Ita ta ja mata ruwan da kanta, su biyun suna kuka.

Tun daga ranar, duk fayil ɗin da na ɗauka sai na tambayi kaina, wa ke jiran wannan a waje? Mu muna ganin takarda muke tsarewa, alhali wani lokaci sunan mutum ne muka kulle a durowa. Don haka in kun ga wani ya tsaya a ƙofar rajista yana murza hula ko gefen mayafi, ku ba shi kujera ku saurare shi kafin "a dawo gobe" ta riga ku fitowa.