Ƙwaryar Ruwa a Kwanar Ƙarshe

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Nguru, babura biyu ɗaure a bayan a-kori-kura, mu uku a gaba: direba, ni, da abokina da muka koyi kanikanci a gareji ɗaya. Tseren babur na shekara za mu, wanda samarin Gashua ke shiryawa a busasshiyar fadama ta wajen Dagona. Tun yanzu in gaya muku, ƙyashin mutumin nan nake yi. Bara shi ya ɗauki kofin, alhali ni na riga kowa shiga.

Hanya ba laifi, sai ramukan da direba ya sani kamar 'yan uwansa. A Jajimaji muka tsaya shan koko. Mai ƙosai ta gane abokina daga bidiyon bara, ta zuba masa gyara har takarda ta yage. Ni ko kallo ban ishe ta ba. Fetur a bakin hanya tsada kamar turare, amma bandar kifi a Gashua araha, direba ya cika kwali, muka ƙarasa tafiyar muna ƙamshin tarwaɗa.

Dokar filin guda ce. A kowace kwana akwai turmi a kife, da ƙwarya cike da ruwa a kansa. Ka goge shi ruwa ya zube, an mayar da kai baya mataki uku. Alƙalin wani dattijon masunci ne ɗan ƙabilar Bade, mai dogara sanda. Da ƙafarsa yake zuwa ya duba ƙasa. Bara da sanyin safiya aka yi tseren, wata akuya ta ture ƙwarya bayan na wuce, ya zo ya tarar da danshi, ya mayar da ni na huɗu. Shekara guda ina jin haushin akuyar nan.

Bana sai da aka jira mutanen Karasuwa, motarsu ta lalace, ba a fara ba sai bayan azahar. Rana ta ƙwalle, ƙasa duk ta tsattsage. A zagayen ƙarshe abokina na gaba, ina manne da shi. Da idona na ga ƙafarsa ta daki turmin kwanar ƙarshe, ruwa ya fantsama. Wallahi wani daɗi ya kama ni. Na shiga na biyu ina murmushi, na san kofi nawa ne.

Sai Baba alƙali ya kama hanya, taku ɗaya, hutu ɗaya. Ya tsaya ya amsa gaisuwar wani, suka yi ta "wushe, wushe". Kafin ya isa, ƙasa ta shanye ruwan tas, rana ta busar da wurin. Ragowar ruwan ƙwarya kuwa ba hujja ba ce, don zafi ya rage na kowace kwana. Ya shafa ƙasa, ya kaɗe hannunsa.

Na ce, "Baba, na gani da idona! Bara fa haka kuka kayar da ni."

Ya ce, "Ɗana, ni ƙasa nake tambaya, ba baki ba. Shi ma dogon abokin nan naka ya tare ni a hanya, ya ce ya taɓa turmi. Ban karɓa ba. Bara ma shi ya biyo ni har gida yana rantsuwa akuya ce, in ba ka kofinka. Nan ma ban karɓa ba. In na fara jin baki, mai dangi da yawa ne zai riƙa ci."

Na waiwaya na dubi abokina. Shekara guda muna ɗaure noti kafaɗa da kafaɗa, bai taɓa gaya mini ba.

Aka ci burabusko da miyar kifi, ni dai tura loma kawai nake. A hanyar dawowa kofin na kan cinyarsa yana ƙara a kowane rami. Wajen Karasuwa ya miƙo mini, wai in riƙe hannunsa ya gaji. Na ce ba na so.

Mun shigo Nguru ana kiran magariba. Abin da na koyo shi ne, dokar da ta cuce ni sau biyu ba ta sauya fuska ba ko sau ɗaya. Gyaran da take bukata a riƙa farawa da safe, ko a samo wa Baba keke. Da na tafi, kofinsa nake ƙyashi, wannan kuwa ana iya ƙwacewa baɗi. Yanzu na dawo ina ƙyashin halinsa, kuma ban san filin da ake tseren wannan ba.