Saƙonnin Abla Safiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abla Safiya ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina cikin ɗaga ƙofar shago. Wani maƙwabcina da 'yarsa ke makarantar da take koyarwa ne ya turo mini sanarwar da aka aika wa iyaye. Layi biyu kacal. Na karanta, na sake sauke ƙofar, na nemi wuri na zauna.

Waɗanda suka san ni a nan sun san ba ni da yabon mutane. Yawancin abin da nake rubutawa ƙorafi ne, wasunku ma sun daina karantawa, na sani. Yau dai ku daure.

Abla Safiya malamar lissafi ce a sakandaren 'yan matan da 'yata Ruƙayya ta yi. Abla, haka ɗalibai ke kiran malamai mata a nan Jidda. Haifaffiyar garin ce, a unguwar Bagdadiyya ta tashi. Kakanninta da ƙafa suka zo aikin hajji daga ƙasar Katsina, suka yi zamansu. Tamu ce, ko da yake in tana Hausa rabin maganar Larabci ne.

Sau ɗaya tak na taɓa tsayawa kusa da ita. Duk sauran sanin da na yi mata a rubuce ne, ta waya.

Ga wanda bai san nan ba, namiji ba ya shiga makarantar 'yan mata. Iyakarka bakin ƙofa, wurin maigadi. Taron iyaye ma na mata ne. Shi ya sa makarantar ta kawo tsarin aika saƙon tes. Malama za ta rubuta a kwamfuta, saƙo ya faɗo wayarka da sunan makaranta, ba ka ganin lambarta. In ka ba da amsa can za ta koma, shugabar makaranta ma tana iya gani. Babu abin zargi a ciki, babu kunya.

Lambar da muka bayar tun farko ta mahaifiyar Ruƙayya ce. Allah ya yi mata rasuwa daidai lokacin da yarinyar ke shiga ajin ƙarshe. Na kashe wayarta na cusa cikin akwatin kayanta, don ko kallonta ba na iya yi. Bai zo mini a rai ba cewa akwai masu ci gaba da rubuta mata.

Makonni makaranta na sanar da mamaciya cewa 'yarta ba ta zo ba.

Ni kuwa kullum in fita shago a unguwar Bani Malik da sassafe, in dawo in tarar da abinci, gida a share, kayana a goge. Ban taɓa tambayar yaushe take samun lokacin yin wannan duka ba.

Laifina ma ya wuce haka. Lissafi na karanta a jami'a, kuma ba da wasa na karanta shi ba. Na koyar a gida, na zo nan da kwantiragin aiki, kwantiragi ya ƙare, aka yi ta sauya kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo, har na ƙare a shagon kayan mota ina miƙa wa makanikai fulogi da matatar mai. A gaban yarinyar nan nake cewa karatu yaudara ce, takarda ba ta ciyar da kowa. Na ɗauka da bango nake magana. Ashe tana ji, kuma ta yarda da ubanta.

Sauran malamai sun aika saƙo, sun sauke nauyi, ban ga laifinsu ba. Abla Safiya ce ta lura cewa matar da kullum ke amsa mata da "Allah ya saka da alheri" ta yi shiru. Ta tambayi ƙawayen Ruƙayya, suka gaya mata. Ta sa aka buɗe fayil, aka nemo lambata, aka sauya.

Saƙonta na farko da Hausa ta rubuto, amma da haruffan Larabci:

"Baban Ruƙayya, Allah ya jiƙan mamanta, yau na sani. In ta ƙara fashin kwana uku za a hana ta jarrabawar ƙarshe. Ka zo wurin maigadi ka sa hannu kafin Alhamis."

Na zauna na tsara mata amsa da Larabcin littafi, don ta san ba da jahili take magana ba. Tsawonta ya sa wayar ta raba ta gida huɗu. Na ba ta tarihina kaf, na gaya mata inda karatu ya kai ni, na ce a ƙyale yarinya ta huta.

Ba a jima ba ga amsa: "Na karanta duka. Ba a kanka nake magana ba. Alhamis."

Kwana biyu ina fushi da matar da ban taɓa gani ba. Ranar Laraba na je. Tsohon maigadi ya miƙo mini takarda ta taga, na sa hannu a kan cinyata.

Da na koma gida na zaunar da Ruƙayya, na fara faɗa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Baba, ai kai ka ce babu amfani. Kuma wa zai dafa maka?"

Washegari na raka ta har ƙofar makaranta, na sayi ful da tamis, wato wake da gurasa, a hanya na ci a shago. Ban mutu ba.

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ina. Yarinya ta koma aji, amma an bar ta a baya sosai. Ranar Lahadi sai ga wani saƙon:

"An ce kai malamin lissafi ne. Ni darasi ɗaya nake da shi da ita, kuma aji cike yake. Kai a gida ɗaya kuke. Shafi na sittin da biyu."

Ba roƙo, ba lallashi. Lambar shafi kawai.

Bayan magariba na ce Ruƙayya ta kawo littafin. Zan faɗi gaskiya, tambayar farko ta kayar da ni. Na ajiye biro, na ce mata kaina ke ciwo, mu bari sai gobe. Washegari a shago na yage bayan kwali, na yi ta fama tsakanin masu saye, har abin ya dawo mini. Da na warware mata shi a layi biyar, ta dube ni ta ce, "Baba, ashe da gaske ne."

Daga nan kullum bayan an tashi makaranta sai wayata ta yi ƙara. Wata rana shafi, wata rana tambaya ɗaya da za ta ce in yi mata a kan abinci. Na taɓa aika mata doguwar wasiƙa cewa hanyar da take bi wajen warware wani babi ba ta da kyau, ga tawa. Ta ce tawa ta fi kyau, tata ta fi sauri, kuma a ɗakin jarrabawa agogo ake kallo.

Ba ni kaɗai take yi wa haka ba. Matan unguwarmu da yawa sun iya haruffan Larabci tun daga makarantar allo, amma ba sa gane Larabcin ofis. Sai ta riƙa rubuta kowace sanarwa sau biyu, ta biyun da Hausarta ta Jidda. Ranar da aka yi ruwan nan mai cika tituna, sai da ta bi iyaye ɗaya bayan ɗaya har ta tabbatar kowace yarinya ta isa gida. Kafin jarrabawa kuma 'yan matan da kansu take rubuta wa: ku ci abinci, ku zo da biro biyu da kwafin iƙama, takardar izinin zama.

Kuma ba sai an yi laifi take rubutu ba. Akwai wanda har yanzu ban goge ba:

"Yau Ruƙayya ta fito gaban allo ta gyara mini kuskure. Halas, ya isa, ka daina koya mata, za ta raba ni da aikina."

Duk wanda ya shigo shago ranar sai da na nuna masa. Wani bakanike ya ce shekara nawa muna tare bai san ina da haƙoran gaba ba sai yau.

Ruƙayya ta zauna jarrabawa, ta ci, kuma da kyau ta ci.

Ranar bikin kammalawa mata suka shige ciki da kwalliyarsu, mu maza muka jeru a waje cikin rana. Ni abin da ke cina shi ne kowace yarinya da uwarta a ciki, tawa ba kowa. Daga baya Ruƙayya ta gaya mini da aka kira sunanta Abla Safiya ce ta tashi daga layin malamai, ta kama hannunta ta kai ta gaba.

Da aka tashi sai na ji maigadi a lasifika yana kiran Abu Ruƙayya, wato ni. Na matsa. Wata 'yar gajeruwar mata ce tsaye a bayan ƙofa, da niƙabi, muryarta a dashe. Na kwana uku ina shirya jawabin godiya, duk ya gudu.

Ta ce, "Kai ne mai dogon saƙo?"

Na ce ni ne, Abla.

Ta ce, "To ga ta nan, ta fi mu lissafi ni da kai. Maganar nan da kake yi a gabanta, kada ka sake."

Na ce in sha Allahu ba zan sake ba. Ta ce yalla, mu tafi, rana na dukanmu. Shi ke nan ganina da ita.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ra'ayina game da duniya bai sauya sosai ba. Har yanzu fulogi nake miƙawa. Amma na riƙe alkawarin. Kuma in wani ya sake ce mini mutanenmu a garin nan ba su iya komai ba sai ɗaukar kaya, ina da sunan da zan kira masa, kaina a ɗage.

Ruƙayya tana gida Nijeriya, a shekararta ta ƙarshe a jami'a. Gobe da safe take da jarrabawa, kuma ta rufe duk shafukanta na sada zumunta sai ta gama. Ban gaya mata ba. Ku da kuke da lambarta, don Allah ku bar ta ta shiga ta fito. Ni zan kira ta da bakina.

Allah ka jiƙan Abla Safiya, ka yafe mata, ka haskaka kabarinta, ka ba iyalanta da ɗalibanta haƙuri. Yadda ta nemo 'yata lokacin da ni ubanta ban san ta ɓata ba, Allah ka sa ta cikin waɗanda rahamarka za ta nemo. Duk wanda ya karanta har nan, ko bai san ta ba, ya ambaci sunanta a sujadarsa ta yau.