Gyaɗar Iya

Ina zaune gindin dalbejiya bayan la'asar, idona a rufe, ina bin numfashina yana shiga yana fita. Ba abin da nake ji sai ƙas-ƙas ɗin gyaɗar iri da kakata Iya take ɓarewa a gefena.

A jami'a wata malama ta koya mana wannan zaman. Ka natsu, ka yi wa kanka fatan alheri, ka yi wa wanda kake so, daga ƙarshe ka yi wa wanda ya cuce ka. Nan nake cijewa kullum. Sai in ga ana kora shanun Baba cikin daji, farar saniyarmu tana waiwaye. Tun ranar muka baro gonarmu a Ruma, muka tare a Batsari.

"Maigida, barci kake a zaune?"

Na yi mata bayani. Ba ta ɗago ba.

"Ashe abin har makaranta gare shi. Ni kowace gyaɗa na ɓare, mutum guda nake wa addu'a."

"Har waɗanda suka kore mana shanu?"

"Da su nake farawa, tun ban gaji ba. Allah Ya shirye su. In ba su shiryu ba, a wace gona za mu shuka wannan?"

Na sake rufe ido. Sai ga gonarmu koriya shar, ruwa ya ɗauke, ƙasa na ƙamshi.

Na jawo faifan gyaɗar gabana. Gyaɗar farko ta daɗe a hannuna kafin in iya fasa ta.

Ku fa, sunan wa ke maƙale muku a wuya?