Kyaftin Mai Lalle

Wata rana ƙungiyar matuƙa jirgin sama ta zauna da shugabannin wani kamfani, a kan dokar kiran gaggawa.

Ga wanda bai sani ba: idan matuƙi ya kwanta rashin lafiya jirgi na shirin tashi, akwai 'yan jiran ko-ta-kwana. Waya ɗaya za a buga maka, ka ajiye komai ka nufi filin jirgi.

Kyaftin Sallau ne ya jagoranci ɓangaren matuƙa. Dattijo mai furfura, ga iya magana, ga taurin kai, Allah Ya shirya!

Ya dage sai an riƙa fara kiran ƙanana, manya su zo ƙarshe. Ya samu.

Sai Kyaftin Ramlatu, wadda ba ta daɗe da samun girma ba, ta kawo shawara: wanda aka kira ya iya miƙa tafiyar ga abokin aikin da ya yarda, muddin ya huta yadda doka ta ce.

Kyaftin Sallau ya yi tsaki. Wai shirme ne, aikin jirgi ba adashe ba ne da za a riƙa karɓa-karɓa. A zuciyarsa kuwa cewa yake, ina ruwana, yaushe kira zai iso kaina?

Aka kaɗa ƙuri'a, aka kayar da shi. Ya yi kwanaki ko gaisuwarta ba ya amsawa da kyau.

Ana nan, bikin 'yarsa ta fari, Nusaiba, ya faɗo daidai lokacin jigilar alhazai. Babu mai samun hutu sai na mako-mako, sunansa kuma na cikin 'yan jira. Ko a jikinsa.

Ranar ɗaurin aure ya sha babbar riga, ƙofar gida cike da baƙi, sai waya ta yi ƙara.

Ƙananan duk suna sama. Layi ya iso kansa.

Jama'a, dattijon nan ya shiga tsaka mai wuya! In ya ƙi zuwa, ya karya dokar da shi ya sa wa hannu. In ya tafi, a ɗaura auren 'yarsa yana cikin gajimare.

Ya shiga cikin gida zai ɗauki kayan aiki. Wa zai gani tsakiyar mata? Ramlatu! Ranar hutunta ce, ta sha anko, hannu ya sha lalle, an ajiye mata shinkafa ko cokali ba ta sa ba.

Kallo ɗaya ta yi masa ta gane.

"Yallaɓai, an kira ka ko? Ka ce musu ni zan je. Sai dai fa da shirmen nan nawa za mu yi aiki."

Ya rasa inda zai sa fuskarsa. "'Yata, wa ya ce shirme? Wallahi wanda ya faɗa bai da hankali!"

Ta ƙyalƙyale da dariya. "To a rufe mini shinkafata."

Ramlatu ta tuƙa jirgi da lalle a hannu. Kyaftin Sallau ya zauna sahun gaba, aka shafa fatiha yana share hawaye da bakin riga.

Da aka zo sabunta yarjejeniya, kamfani ya so cire dokar musayar. Ku canki wa ya miƙe yana dukan tebur.

Darasi: Idan ana tsara doka, kada ka auna ta da kujerar da kake kai yau. Ƙofar da ka ce a toshe, wataƙila ta nan za ka fita gobe.

Tura wa abokin aikin da ya taɓa rufa maka asiri, ya san ba ka manta ba.