Ruwan Hoda a Jana'izar Ogutu

Duk wanda ya mutu a unguwar Kondele ta birnin Kisumu a ƙasar Kenya cikin shekara ashirin da shida da suka wuce, in dai danginsa masu son fita kunya ne, ta hannun Perpetua Aoko ya bi kafin ya shiga ƙasa. Ba wankan gawa take yi ba. Ita ce mai tsara ɗan littafin da ake raba wa jama'a a rumfar makoki: hoton mamaci a bango, tarihinsa a ciki, sunayen 'ya'ya da jikoki, waƙoƙin coci a ƙarshe. A wata maɗaba'a da ke bayan kasuwar Kibuye ta koyi aikin, wurin Mzee Ogutu Rading, tsohon da ba ya barin takarda ta fita sai ya duba ta sau biyu, ko da tallan maganin basir ce.

Sai zamani ya zo mata da sabon salo. Dangin mamata suka fara cewa, "Mama Aoko, littafi ya yi kyau, amma 'yan'uwanmu na Doha da Amurka fa? A sa mana a intanet." Ta leƙa irin shafukan da ake yi wa mutane. Rubutu rawaya a kan kore, hoton dattijo an ja shi har kansa ya koma gwanda, kyandir yana ƙyaftawa a gefe. Ta tofar da yawu ta ce wannan ai wulaƙanta gawa ne. Tana da shekara hamsin da uku ta je ta yi rajista a wani ajin kwamfuta da ke saman shagon taya.

Malamin ajin, Mwalimu Wekesa, ya yi musu bayani: rubutu da hotuna wuri guda suke, ado kuma a wata takarda daban da ake kira CSS. A cikinta ake faɗin launi, da girman harafi, da tazarar da ke tsakanin abu da abu. Aoko ta sha wuya ba kaɗan ba. Kwana uku ta yi tana fama kafin hoto ɗaya ya yarda ya tsaya a tsakiya. Ya zauna daram a kwamfuta, da ta buɗe a waya sai ga mamaci ya hau kan sunan matarsa.

"Mama, kina wahalar da kanki," in ji Wekesa. "Ga na wasu nan birjik, kwafa kawai ake yi a liƙa."

"Kwafa? Kai Mwalimu, in ka tsinci wando a bakin tafki, sawa kake yi ba ka duba abin da ke ciki ba?"

Ajin ya kwashe da dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba.

Abu ɗaya ne ya burge ta a duk karatun: takardar ado guda tana iya juya shafi ɗari. Ta zauna ta rubuta tata da hannunta, farin fili, baƙin layi siriri a gefe, haruffa masu natsuwa. Duk mamacin da ya zo, wannan takardar take ɗaura masa. Wekesa ya ja mata kunne cewa kowane irin aiki a ware masa tasa. Ta ce nata duk matattu ne, ba sa gasar kwalliya.

Da Mzee Ogutu ya rasu, ba ta jira an roƙe ta ba. Kwana huɗu ta yi a kan shafinsa, ta duba a kwamfuta, ta duba a wayoyi uku na maƙwabta. Tun da take ba ta taɓa aikin da take so a gani kamar wannan ba, domin da shi za ta gode wa mutumin da ya ba ta sana'a.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu a binne shi, sai ga Madam Bilha, shugabar matan cocinsu, ta shigo da ƙamshin turare kamar an fasa kwalba. 'Yar ƙanwarta za ta yi aure, shafi take so.

"Ni fa na mamata nake yi, Madam."

"Haba 'yar'uwa, rayayyu ba su da rabo a wurinki? Ruwan hoda nake so, ko'ina. Da 'yan zukatan nan masu zubowa daga sama."

"Zukata? Mahauta za a gayyato?"

"Ke dai yi mini, bakinki ya huta."

Ba a ce wa Bilha a'a a zauna lafiya a coci. Aoko ta yi aikin tana yamutsa fuska. Don ƙyama ma ba ta tsaya rubutawa ba, ta nemo na wani ta kwafa, ta liƙa a cikin takardar adonta, wadda duk shafukanta ke ɗauka. Ko buɗe shafin ba ta yi ba, wai kada ta ɓata wa idonta rai. Ta aika wa Bilha, ta tashi ta wanke hannu.

Asabar aka taru a gidan Ogutu a mahaifarsa, Alego. An yanka sa, mata na tuƙa ugali, tuwon masararsu, a bayan gida, rumfuna sun cika har bakin hanya. Okech, babban ɗan marigayin da ya zo daga Doha, ya kafa ƙaton talabijin kusa da akwatin gawa. Ya ɗauki lasifika ya ce za a nuna shafin da ɗalibar babansu ta yi masa, ya kira sunanta, ta miƙe aka tafa.

Shafi ya buɗe, ruwan hoda sharr daga sama har ƙasa. Ga Ogutu cikin baƙar kwat ɗinsa, fuska a murtuke yadda ya saba, jajayen zukata suna zubo masa a ka suna gangarawa ta gemu. Can baya wani da ya riga ya sha ya yi tatul ya ɗaga murya, "Ashe Mzee amarya zai yi a lahira!" Dariya ta ɓarke, masu toshe baki na toshewa. Aoko tana tsaye, ta rasa inda za ta sa kanta.

Bayan an rufe kabari, matar marigayin, Mama Risper, ta aika a kira ta. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi.

"'Yata, aikin wa kika yi bayan nasa?"

"Na wani biki ne, Mama. Shirme ne, ko kallonsa ban yi ba."

"Ba ki kalla ba." Ta gyaɗa kai. "Shekara arba'in yana dawo mini gida yana zagin tallan masu maganin ƙarya. Amma ban taɓa jin ya ce bai duba ba."

Ranar Litinin Aoko ta buɗe shago ba ta gaisa da kowa ba. Ta raba takardar adon biyu, ta ware wa biki tasa, ta mayar wa matattunta farinsu da baƙin layinsu. Sannan ta buɗe shafin bikin, ta ga zukatan sun rufe fuskar amarya, ranar ɗaurin auren ma ba ta karantuwa. Har yanzu launin bai yi mata ba. Ta gyara zaman tabarau, ta jawo kujera, ta fara dubawa daga layin farko.