Baƙo Mai Makirufo Biyu

An ce baƙon da ya kama ɗaki bayan tashar Mafara aljanu yake ɗauka a kaset. Taubashina Sallau har kukansu ya ji! Ƙarya ce. Baƙon nan direban tifa ne a aikin dam ɗin Bakalori, siriri, da tsohuwar jita.

Ta taga nake leƙensa. Makirufo ɗaya yana wuyan jitar, ɗayan wajen cikinta. Ya auna tsakaninsu da tafin hannu, ya kaɗa, ya saurara, ya matsar, ya fi sau dubu. Kaset guda gare shi, ina jin gidan rediyon Sakkwato yake fatan kai shi.

Na ce, "Malam, jita ɗaya, makirufo biyu? Ɗayan na aljanun ne?"

Bai ɗago ba. "Kai da kunne guda kake ji? Matsa, numfashinka na shiga."